Kafin a sayar da fili, a tambayi inda yaro zai kwana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da iyaye da 'yan'uwana matasa a kan tahowa Ingila, musamman masu shirin zuwa su kaɗai, ba dangi, ba wanda zai tarbe su. Ni ɗan Fagge ne a Kano. Na gama Jami'ar Bayero, na yi bautar ƙasa, na zo Birmingham a watan Satumba na 2023 don karatun digiri na biyu, kuma har yanzu ina nan ina aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙonnin da ke shigo mini daga gida. Tambayar kusan ɗaya ce kullum: "Yaya, nawa ake biya a awa?" Har yau ba wanda ya fara da tambayata kuɗin ɗaki.

Akwai abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa a fili. Kafin Birtaniya ta ba ɗalibi biza, sai ya nuna cewa ban da kuɗin makaranta yana da abin da zai riƙe kansa na wata 9, kuma kuɗin su yi kwana 28 a asusu ba su ragu ba. Lokacin da na nema, fam 1,023 ne a kowane wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, wato fam 9,207 ke nan gaba ɗaya. A Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa 1,136 a wata. To, a Kano da Kaduna da Abuja wannan sharaɗi ya zama sana'ar wasu: su zuba maka kuɗin, su kwana 28, a buga takardar banki, ka mayar musu da abinsu haɗe da la'ada. Ejan zai ce maka ai ƙa'idar Turawa ce kawai, kowa haka yake yi. Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne ba don ado aka sa wannan adadi ba. Lissafin haya ne da abinci da kuɗin mota, kuma a takure ma aka yi shi. Wanda ya ara ya mayar, zai sauka Heathrow da biza lafiyayya da aljihu wayam, ga shi mai gidan haya bai san da wannan zance ba.

Mahaifina ɗan kasuwar Kwari ne, Allah ya ƙara masa lafiya. Shi ya ce ko dai kuɗin nan su zama namu na gaske, ko a fasa tafiyar. Ya sayar da filinsa na hanyar Gwarzo, Hajiyarmu ta haɗa da sarƙarta. Waɗannan kuɗi su suka riƙe ni watannin farko, kuma saboda su nake iya rubuta wannan wasiƙa hankalina kwance.

Amsar da matasa ke bayarwa ita ce ai in na isa zan yi aiki. Mu yi lissafin tare. Doka ta yarda wa ɗalibi aikin awa 20 kacal a mako muddin makaranta na buɗe. Mafi ƙarancin albashi da na zo na tarar fam 10.42 ne a awa. Awa 20 ke nan fam 208 da 'yan kai a mako, kimanin 900 a wata. Gwamnati da bakinta ta ce kana buƙatar 1,023. Ka ga ko da ka sami aiki ranar da ka sauka, ko da an cika maka awanninka kowane mako, ko da ba ka taɓa kwanciya ciwo ba, ba ka kai abin da za ka ci ka biya haya ba, balle ragowar kuɗin makaranta. A Afrilun 2025 albashin ya koma 12.21, amma sake lissafin ka gani: 1,058 ne a wata, a lokacin ana neman 1,136, giɓin bai rufe ba. Lokacin hutu ne kaɗai ake iya yin cikakken aiki, kuma masu digiri na biyu hutunsu ba shi da yawa, don a rani ake rubuta kundin bincike.

Yanzu zancen ɗaki, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ni.

Na fara sauka a wani masaukin kwana-kwana kusa da tsakiyar gari, gadaje masu hawa biyu, mutum takwas a ɗaki, kowace safiya kuɗi na fita. Da na shiga ofisoshin dillalan gidaje, sai na ga ba kuɗi kaɗai ake tambaya ba. A Ingila doka ta wajabta wa mai gida ya tabbatar kana da izinin zama kafin ya ba ka haya, wannan mai sauƙi ne, lamba ce kake cirowa a intanet ka ba shi. Wahalar tana gaba. Suna son shaidar albashi ta 'yan watanni, da wasiƙa daga tsohon mai gidanka, da garanto mazaunin ƙasar wanda zai biya in ka gaza. Baƙon da ya sauka jiya ina zai samo waɗannan? A lokacin da na zo, in ba ka da su, sai a ce ka biya wata 6 a dunƙule. A ɗaya gefen kuma, mai ɗaukar aiki yana son lambar asusun banki, banki yana son adireshi, adireshi yana hannun mai gidan da ke jiran shaidar albashi. Wasiƙar da makaranta ke ba ɗalibi tana taimakawa wajen buɗe asusu, amma ita ma sai an rubuta adireshi a kanta. Duk inda ka bi, ɗaki ne farko.

Nawa ɗakin ban same shi a hannun dillali ba, ban same shi a SpareRoom, shafin neman ɗakin haya a intanet, ba, duk da na kwana ina aika saƙo a can. Bayan sallar isha'i ne a wani masallaci da ke unguwar Small Heath a nan Birmingham na gaisa da wani dattijo Basomale, na gaya masa halin da nake ciki. Ya kama hannuna muka taka Coventry Road har wani shagon nama, ya yi magana da mai shagon, mai shagon ya buga waya. Washegari na ga ɗakin. Falon gidan ne aka sa masa ƙofa da kwaɗo aka mayar ɗakin kwana, fam 480 a wata. Mu shida ne a gidan, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, firji ɗaya da kowa ya san layinsa. Akwai ɗan Pakistan biyu, ɗan Sudan, ɗan Eritiriya, da wani Bayarabe ɗan Ogbomosho wanda ya zama mini ɗan'uwa. Dattijon nan bai san ni ba, bai san Kano ba, bai karɓi ko sisi ba. Allah ya saka masa da alheri.

Kada mai karatu ya ji fam 480 ya kai shi Wapa ya canza ya ɗauka wani gidan sarauta ne. Tsofaffin gidajen bulo ne a jere, bango ɗaya da maƙwabci, da sanyi ya shigo sai danshi ya kama kusurwa, fumfuna ta yi baƙi a bayan gado. Gas ɗin da ke ɗumama gidan mita gare shi mai kati irin tamu ta wutar lantarki, in ya ƙare ya ƙare. Rigimar da aka fi yi a gidan ba ta addini ba ce ba ta ƙabila ba, ta wane ne ya kunna hita ya bar ta har asuba. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, ba ta fitowa sai bayan 8 na safe. Azahar da la'asar da magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awanni. Mutumin da ya tashi a gidan da ba a rasa sallama da hayaniyar yara, ya dawo ya kulle kansa a ɗaki ba mai cewa sannu da zuwa, wannan ma wani ciwo ne, kuma na ga ya kayar da mazaje.

Akwai haƙƙoƙin da ya kamata mai tahowa ya sani, domin ana cin baƙo ne ta inda bai sani ba. Tun 2019 aka haramta wa dillalai karɓar la'ada daga ɗan haya a Ingila. Kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna ba zai wuce hayar mako 5 ba, kuma dole ya kai su wata hukumar ajiya da gwamnati ta amince da ita cikin kwana 30, ya ba ka shaida. Kuɗin kama ɗaki kafin a sa hannu ba zai wuce hayar mako 1 ba. Sai dai wanda yake zaune gida ɗaya da mai gidan, suna haɗa kicin, wannan kariya ta ajiya ba ta hau kansa ba, kuma wanda ya biya a hannu ba rasit ba takarda, ranar rigima ba shi da abin nunawa. Ga kuma 'yan damfara da ke sa hotunan ɗaki mai kyau da araha, su ce ka tura kafin alƙalami tun kana Kano don kada wani ya riga ka. Na san wanda ya iso da akwatinsa ƙofar gidan da ya biya, matar da ta buɗe ba ta taɓa jin sunan wanda ya karɓi kuɗin ba.

Aiki kuwa, na fara ne a wani babban sito a bayan gari, ta hannun kamfanin da ke samo wa sito-sito leburori. Ba a yi maka alkawarin awa ko ɗaya. Da yamma saƙo zai shigo waya cewa gobe ƙarfe 6 na safe, ko kuma kada ya shigo. Daga Oktoba zuwa Kirsimeti aiki kamar me, a Janairu sai waya ta yi tsit, haya kuwa ba ta san Janairu ba. Takalmi mai ƙarfe a baki, riga mai ƙyalli, na'ura a hannu tana ƙirga kayan da ka ɗauko a kowace awa, in ka yi ƙasa shugaban layi ya zo ya tsaya a kanka. A hutun rabin awa za ka ci abinci, ka yi alwala, ka nemi lungu ka yi salla. Juma'a sai ka roƙa tun da wuri. Wasu sito-siton akwai giya da naman alade cikin kayan da ake ɗauka, gara mutum ya tambaya kafin ya karɓa. Daga nan kuma ka wuce aji, malami yana bayani kana gyangyaɗi.

Daga baya na koma aikin kula da tsofaffi, inda nake har yanzu. Bari in faɗi yadda yake, don 'yan'uwanmu da yawa in an tambaye su a gida sai su ce a asibiti suke. Wanka kake yi wa tsoho, ka canza masa ƙunzugu, ka ba shi abinci a baki, ka juya shi a gado cikin dare kada jikinsa ya yi gyambo. Wani ya manta sunan 'ya'yansa, wani ya zage ka da safe ya riƙe hannunka da yamma. Halal ne, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Abin kunyar shi ne ka bar ƙaninka ya sa a sayar da gona yana zaton ofis zai zauna.

Akwai tarko biyu da ke kama wanda haya ta matsa. Na farko aikin hannu-da-hannu a gidan abinci ko wurin wankin mota, a biya ka rabin abin da doka ta ce, ba takarda. Abin takaici, sau da yawa masu yin wannan da mu ake cika sahu. Sun san ba za ka kai ƙara ba, domin kai ma ka haura awa 20. Na biyu kai abinci gida-gida a keke ko babur. Yawanci wannan aiki a matsayin mai zaman kansa ake yin sa, kuma bizar ɗalibi ta haramta hakan. Wasu sukan ari asusun wani su yi, suna biyan sa kowane mako. In aka kama, biza ce ke tafiya, da ita da duk abin da aka sayar a gida.

Sai kuma naira. Mu da muka zo a 2023 mun ga abin da ba mu taɓa zato ba. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, fam kuma ya wuce naira 2,000. Mahaifin da ya ware kuɗin makaranta a naira zai biya kashi-kashi, ya wayi gari abin da ya ajiye bai kai rabi ba. A watan Mayun 2024 labarin ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside ya cika kafafen yaɗa labarai, waɗanda aka dakatar da karatunsu aka ce su bar ƙasar saboda sun gaza cika kuɗi a kan lokaci. Nan Birmingham na san wani yaro ɗan Gusau, mai hankali, mahaddaci, da kuɗin aro ya nuna. Shi da wani suka haɗa ɗaki ɗaya da katifa ɗaya, ɗaya na aikin dare ɗaya na rana, wannan ya tashi wannan ya kwanta, a ɓoye kada mai gida ya sani. Yana cikin wannan hali aka kira shi daga gida a ce bikin ƙanwarsa ya matso, shi ake jira ya yi kayan ɗaki. Bai iya cewa babu ba. Wa zai yarda? An ga hotonsa cikin dusar ƙanƙara.

Masu zuwa ta hanyar bizar kula da tsofaffi kai tsaye, su ma a ja musu kunne. An buɗe wannan ƙofa a Fabrairun 2022, a Maris na 2024 aka hana zuwa da iyali, ranar 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbin ma'aikata daga waje. A tsakanin nan mutane sun biya miliyoyi sun sayi takardar ɗaukar nauyi, alhali sayar da ita haramun ne a doka, sun iso sun tarar kamfanin ba shi da aikin ba su. Gwamnati ta ƙwace lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni daga tsakiyar 2022 zuwa ƙarshen 2024, kuma wanda aka ƙwace na kamfaninsa kwana 60 ake ba shi ya sami wani ko ya fita. Duk ejan da ya ce maka yau yana da wannan hanya daga Najeriya, riƙe kuɗinka.

Ko an gama karatu lissafi bai ƙare ba. Bizar shekara 2 da aka ba ni bayan na kammala, na biya mata fam 822, da kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara, duka a dunƙule. Harajin ƙaramar hukuma da ake yafe wa ɗalibi ya hau kanka. Majalisar birnin nan ta ayyana cewa asusunta ya karye a watan da na iso, ta ƙara harajin da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, sannan a 2025 masu kwasar shara suka shiga yajin aiki, buhunan shara suka yi tsibi a titunan unguwarmu, ɓeraye suna wadaƙa. Na so in ɗauki hoton wannan in tura gida, sai na ga ba wanda zai sa shi a Facebook. Aikin da zai ba ka izinin zama na dogon lokaci kuma, albashin da ake nema ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, ya koma 41,700 a Yulin 2025, duk da akwai sassauci ga sababbin kammalawa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Malam Edita, ban rubuto don in hana kowa fita ba. Mu jikokin fatake ne. Amma kakanninmu da suka yi ta zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa kama hanya ba su san gidan da za su sauka a Salaga ba. Akwai mai masauki, shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya tsaya maka a ciniki, ya zama garantonka a garin da ba a san ka ba. Har gobe haka ake yi a Sabo ta Ibadan da Agege da zangon Kumasi: ɗan ci-rani ya sauka daga mota ya nemi gidan Sarkin Hausawa, ba zai kwana a titi ba. Ina wannan tsari ya shiga da muka hau jirgi? 'Yan'uwanmu na kudu sun riƙe nasu. Bayaraben gidanmu tun kafin ya taso cocinsu ya san ranar saukarsa, an tanadar masa kujerar kwana ta mako biyu, an gaya masa kamfanin da ke ɗaukar aiki. Mu kuwa ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa a nan sun fi ƙarfi ranar Salla: babbar riga, hula zanna, tuwo da miyar kuka, a yi hoto a watse. Muna da likitoci da malaman jami'a da injiniyoyi masu gidajen kansu, waɗanda sa hannunsu ɗaya zai buɗe wa yaro ƙofa. Na san tsaya wa mutum akwai haɗari, in ya gudu kai za ka biya. Mai masaukin Salaga ma ya san da wannan haɗari, shi ya sa yake tambayar ɗan gidan wane ne kafin ya karɓa.

Roƙona ga iyaye: kafin a kira dillalin fili, a sa yaro ya kawo adireshin inda zai kwana makon farko, da lambar mutumin da zai tarbe shi, a kira mutumin a ji muryarsa. A tambaye shi kuɗin da ya nuna a banki na wane ne. In na aro ne, a dakata a tara. In ya tafi kuma, a ba shi shekara guda ba a tambaye shi ragon layya ba.

Ga shugabannin ƙungiyoyinmu na Birmingham da Manchester da Landan, abin da nake nema bai da yawa: kafin Satumba da Janairu, lokacin da ɗalibai ke sauka, a rubuta sunayen masu iya saukar baƙo na mako biyu, da masu iya tsayawa garanto, a sa mutum ɗaya ya riƙe waya. Ni takardar hayata ta hana ni kwana da wani a ɗaki, don haka ba zan yi alkawarin abin da ba zan iya ba. Amma Talata da Laraba ba na aiki. Zan iya tarbar mai zuwa a tashar motocin Digbeth, in raka shi duba ɗaki, in karanta masa takardar haya kafin ya sa hannu. Na bar lambata a wurinka, duk wanda ya nema a ba shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani ɗan Fagge mazaunin Small Heath, Birmingham, Ingila.